Amsa ga mai tambaya kan wasan yaƙin tebur: gina fili kafin ka ƙaro soja

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka. Ka ce yayanka ya kawo maka kwali biyu na ƙananan sojojin roba, kuna bugawa da abokinka a kan tabarma, kullum shi yake cin ka, fentin da ka shafa musu kuma yana ɓarewa, shi ne kake tunanin tara kuɗi ka yi odar sojojin Warhammer, wani wasan yaƙin tebur na Ingila, daga waje. Shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna, ka fara gina filin daga. Na daɗe ina wannan wasa a nan Kano, kuma yawancin waɗanda na gani sun gaji sun bari, a kan fili fetal suke bugawa.

A kan tabarma kowa yana hango kowa, don haka wanda ya fara harbi ko ya fi yawan 'yan bindiga shi ke da nasara, babu wata dabara da za ta cece ka. Yi lissafi da dayis mai fuska shida. Idan dokarku ta ce harbi yana samu da 4 ko sama, cikin harbi 12 kusan 6 za su samu. Idan mafaka ta mayar da shi sai 5 ko sama, sun koma 4. Idan kuwa bango ya tare gani gaba ɗaya, ko ɗaya ba zai samu ba. Daga nan ne tunani yake farawa: ta ina zan bi, wa zan ɓoye, yaushe zan fito. Asalin wasan ma haka yake. Da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa sojan Furusiya, tsohuwar daula a Jamus, nasa wasan yaƙin a 1824, a kan taswira mai nuna tudu da kwari da kogi ake yin sa, don a koya wa hafsoshi karanta ƙasa.

Je wurin kafinta ka sayi filawud. Ana sayar da shi ƙafa 8 da ƙafa 4, ka ce ya raba maka biyu. Rabi ɗaya ya ishe ku, ba sai kun yi babban tebur mai ƙafa 6 da 4 ba. Ka dama farin gam na Top Bond da ruwa, ka shafe fuskar katakon, ka barbaɗa yashin da ka tankaɗe, in ya bushe ka bi shi da fentin bango mai launin ƙasa. Tudu kuwa, farin fom ɗin nan da ake cusawa cikin kwalin firji da talabijin shi ne kayan aikinka, masu shagunan kayan wuta a Sabon Gari zubar da shi suke yi. Yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da faɗin da soja zai tsaya bai faɗi ba. Tudu mai santsi ya fi kyau a hoto, amma rabin wasan zai tafi wajen tayar da sojojin da suka gangaro. Kuma kada fentin feshi ya taɓa fom kai tsaye, narkar da shi yake yi. Fara rufe shi da gam da ɗan fi-o-fi.

Inda na fi so ka ba wa lokaci shi ne ganuwa. Mu da muke wuce ta kullum ba mu da uzurin kwaikwayon gidajen Turai. Je Ƙofar Na'isa ko Ɗan Agundi ka dubi ragowar badala da kyau: gindinta faɗi, tana tsukewa zuwa sama, ruwan sama ya zazzaga mata layuka a jiki. Sojojinka, in dai irin na kwali ne da aka rubuta 1/72, wato an rage girman mutum sau 72, tsayin kowanne kusan milimita 24 ne. A wannan ma'auni bango mai mita 10 zai zama santimita 14, ya yi wa hannu tsawo, ni a 7 ko 8 nake tsayawa. Ka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace kamar tsawon tafin hannu biyu, ɗaya mai ƙofa, ɗaya kuma rusasshiya, don ka riƙa sauya tsari duk wasa. Ka bar 'yar hanya ta ciki a saman bangon inda 'yan baka za su tsaya. Maganar launi, ban ga fentin da ya kai jar ƙasa ta gaske ba. Ɗebo ta, soya ta a tsohon kasko don ƙwari su mutu, tankaɗe, kwaɓa da Top Bond, ka yaɓa da yatsa yadda magina suke yi. Sawun yatsan ma ka bar shi, shi ke ba da kamanni. Gidaje da kwali ake yi, a yaɓe su haka nan, a sa zanko a kusurwa, tsinken tsire ya zama indararo. Kuka ta fi kowace bishiya sauƙi: murɗa wayar wuta ta yi gindi da rassa, naɗe da tishu mai gam, shi ke nan, tunda da rani ba ta da ganye.

Ka tabbata akwai abubuwa biyu ko uku a tsakiyar fili da suka tare gani daga wannan gefe zuwa wancan. Masu farawa suna jera komai a baki-baki su bar tsakiya wayam.

Yanzu dabara. Ku daina buga wasan sai an kashe kowa. Ku sa abin da ake takara a kai, ƙofa ko rijiya ko tudu, ku yanke yawan zagaye, misali shida. Wanda ke riƙe da wurin a ƙarshe shi ya ci, ko da sojansa uku suka rage. Wannan kaɗai zai sauya yadda kake tunani. Sannan ka tara wuta wuri guda. Rukuni uku su haɗu a kan rukunin abokin gaba ɗaya har ya watse ya fi kowanne ya tsinci nasa, domin rukunin da aka raunana yana ci gaba da harbinka, wanda ya watse kuwa ya tafi. Ka ajiye rukuni ɗaya a bayan bango kada ka taɓa shi sai zagaye na uku ko na huɗu, lokacin da abokinka ya zuba duk abin da yake da shi. Dawaki kuma ba a tura su gaba da gaba kan 'yan bindiga, a zagaya da su ta bayan tudu su faɗo ta gefe. In dokarku ta yarda a auna kafin a motsa, auna: in tafiyar dokinsa da sukuwarsa inci 12 ne, tsaya a 13, shi ya shigo maka.

In kana son ka ga yadda sharaɗin nasara yake gyara wasa, gwada ranar 3 ga Fabrairu 1903, da rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta zo Kano da igwa da bindiga mai ruwa, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. In aka buga shi a kan kisa, masu tsaron gari ba su da rabo. Amma in aka ce sun ci matuƙar ƙofa ba ta faɗi ba har zagaye na shida, sai ka ga kowa yana gumi. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta fi daidaito, tunda makaman ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne. Ka leƙa Gidan Makama ka ga kayan yaƙin da idonka kafin ka zaɓi launi.

Ɓarewar fenti kuwa daga robar take. Sojojin 1/72 yawancinsu roba ce mai laushi, tana fitowa da maiƙo daga masana'anta, kuma tana lanƙwasa. Wanke su da omo da tsohon buroshin haƙori, su bushe, ka shafa musu gam tsararo, sannan fentin share fage, sannan launi. Fentin akirilik za ka nema, kada ka yi da mai mai. Tsarma shi da ruwa ka yi shafi biyu marasa kauri, don shafi ɗaya mai kauri yana cike fuska da ninkin riga. Zafinmu yana busar da fenti kafin ka kai buroshi, musamman daga Maris zuwa Mayu, don haka samu robar tekawe, shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu, ɗora takardar gashin kek a kai, ka riƙa ɗiga fentin a nan. Zai kai ka awanni. Bayan launi, tsarma fenti ruwan ƙasa mai duhu sosai ka wanke sojan da shi ya shige lunguna, in ya bushe ka goge buroshi a tsumma har ya kusa ƙarewa, ka shafa launi mai haske a kan tudun jiki. Ƙarshe banish mara sheƙi. Feshi da sassafe ake yi, bayan asuba, kuma ranar da hazo ya sauko a haƙura, ƙura za ta manne. Manna kowane soja a kan washa ta ƙarfe don ya yi nauyi ya tsaya.

Warhammer ba laifi, kamfanin Games Workshop na Ingila ne ke yin sa, kuma sojojinsa suna da kyau ƙwarai. Sai dai da fam ake saye, ga kuɗin dako, ga littafin doka da ake sabuntawa duk bayan 'yan shekaru. In ranka ya biya daga baya, fara da Kill Team, ƙaramin nau'in Warhammer, wanda kusan soja goma kowane ɓangare ya wadatar, kuma ganuwar da ka gina za ta yi maka aiki a can ma. Akwai 'yan'uwa a cikinmu da ba sa son ajiye mutum-mutumi ko jefa dayis, suna bugawa da gutsattsarin katako masu launi da katin lambobi, wasan yana tafiya lafiya lau. In kana da shakka a kan wannan, tambayi malaminka.

Ajiya a robar da ke da murfi, nesa da rana da cikin mota, don roba tana lanƙwashewa, gara da kyankyaso kuma suna son kwali da gam. In ka gama gunduwar ganuwa ta farko, turo mana hotonta da soja tsaye a gindinta, mu duba tsayin kafin ka yanka sauran.