Amsa: Yaushe zan amsa idan wani ya tura duk abin da ke gabansa?

Ɗan'uwa, ka ce saura mutum uku a fara biyan kuɗi a gasar poker (wasan karta na caca) ta intanet, kana riƙe da katin A da K, sai wani mai tulin cif, wato ƙwayoyin da ake sawa a madadin kuɗi, ya tura duka. Ka amsa ko ka ajiye?

Fara da lissafi. A ce akwai 3,000 a tsakiya, ya tura 6,000, kai ma 6,000 za ka sa. Jimla 15,000, ke nan kana buƙatar cin kashi 40 cikin ɗari. A da K a gaban Q biyu suna cin kusan kashi 43, a gaban A da Q kusan kashi 74, amma a gaban A biyu ba su kai kashi 10 ba. Da farkon gasa ne, da na ce amsa kawai.

To amma a bakin kuɗi lamarin ya sauya. Cif ɗin da za ka rasa ya fi wanda za ka ci daraja, domin idan ka faɗi, ka fita hannu rabbana. Wannan shi ake kira ICM, wato lissafin darajar cif a kuɗin gasa. Dubi teburin sosai: in akwai wanda cif ɗinsa bai fi na zagaye biyu ba, bar shi ya riga ka fita.

Sannan ka lura da mutumin. Wanda ya yi awa guda shiru, ya tura yanzu, ni ina tsoronsa ƙwarai. Wanda kuwa ke turawa duk bayan hannu uku, da A da K zan amsa masa ba tare da na yi dogon tunani ba.