Man saiwar jema da rashin barci

Hajiya, kin tambaya ko man saiwar jema zai taimaki mai juye-juye a shimfiɗa har tsakar dare. E, ƙamshinsa mai nauyi, irin na ƙasa bayan ruwan farko, yana kwantar da hankalin mutane da dama, amma idan rashin barcin ya daɗe, gara a ga likita.

Sharaɗin shi ne kada a shafa shi tsantsa a fata. Ni nakan zuba ɗigo 3 cikin babban cokali na man riɗi, in shafa a wuyan hannu bayan isha'i, musamman a zafin Afrilu nan Maradi. Iyayenmu saiwar suke jefawa a randa don ta ƙamsasa ruwa, amma man da aka tace ba a shan sa.