Ɗana ba ya da haƙurin koya wa kowa komai

Assalamu alaikum Anti. Ɗana mai shekara uku da rabi ne ke damuna. In na ce ya nuna wa 'yar ƙanwata wasan da ke cikin wayata, sai ya fizge wayar ya danna da kansa, ya ce "haka ake yi." Ta kuskure, ya daka mata tsawa. Yayarsa mai shekara shida kuwa zama take yi ta bi da ita daki-daki. Kakarsu ta ce baƙin hali ne, a tanƙwara shi tun yana ɗanye. In fara hukunta shi?

Wata uwa daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ajiye bulalar. Yaro a wannan shekarun bai gama gane cewa abin da ke kansa ba ya kan wani ba. Tunda shi ya iya, a ganinsa ita ma ta iya, taurin kai kawai take yi.

Gwada wannan. Zuba maɓallai a kwalin ashana, ki tambaye shi me ke ciki. Zai ce ashana. Buɗe masa ya gani, ki rufe, sannan ki ce: "In Baba ya dawo, me zai ce yana ciki?" Yawancin 'yan shekara uku "maɓalli" suke cewa. Yayarsa za ta ce ashana, har da dariyar an yi wa Baba wayo. Masana halayyar yara sun daɗe suna irin wannan gwaji, tun aikin Wimmer da Perner na 1983, kuma galibi tsakanin shekara huɗu da biyar yara ke tsallake shi. A 2002 Strauss da abokan aikinsa sun sa yara su koya wa sa'o'insu wasa: 'yan shekara uku nunawa suke yi da hannu, 'yan biyar kuma su yi bayanin ƙa'ida da baki. Kin ga fizge wayar nan, koyarwar ke nan a wurinsa.

Tsawar dai ki hana shi, wannan tarbiyya ce. Amma ki riƙa jefa masa tambaya: "Ita ta taɓa ganin wasan nan? Wa ya nuna mata?" In kuna tatsuniya, tsaya ki ce, "Ƙoƙi ta san Gizo ya ɓoye naman?" Hajiya kuma ki lallaɓa ta, ki yi gwajin ashanar a gabanta.