Tambaya da Amsa: Katin amaryata na Ɗambatta ne

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ɓaɓura. Ranar zaɓen cike gurbi na Garki da Ɓaɓura na goya amaryata a babur muka tafi rumfa, ta bi layi har rana ta take, sai aka ce sunanta ba ya cikin rajista. Katinta na gaskiya ne, a garinsu cikin Ɗambatta ta yanke shi tun tana gida. Maguɗi aka yi mana, ko kuwa? Kuma yaya za mu yi kafin babban zaɓen 2027?

AMSA: Malam, Allah ya ba da zaman lafiya da amarya. Ba a cuce ku ba. Katin zaɓe ba kamar katin banki ba ne da za ka zura a kowace na'ura. Yana ɗaure ne da rumfa ɗaya tak cikin rumfuna 176,846 da ke faɗin Najeriya, kuma na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS, da aka kawo ƙauyenku sunayen 'yan rumfarku kaɗai ta sani. Wanda ba ya ciki, ko dagaci ne ya tsaya masa, ba za ta karɓe shi ba.

Ƙari a kan haka, zaɓen na 16 ga Agusta 2025 na mutanen mazaɓarku ne su kaɗai, don maye gurbin ɗan majalisar wakilai Isa Dogonyaro da ya rasu a Mayun 2024, Allah ya jiƙansa. A idon rajista kuwa amarya har yanzu 'yar Kano ce. Ba kuma sakacinta ba ne, don an rufe rajista tun ƙarshen Yulin 2022, ba a sake buɗewa a jiharku ta Jigawa ba sai bayan zaɓenku, ranar 18 ga Agusta ta intanet, 25 ga wata a ofisoshi. Kujera ta yi fiye da shekara ba kowa a kai, wannan dai ni ma ban ji daɗinsa ba.

Abin yi shi ne sauya rumfa, ba sabuwar rajista ba. Ina jaddada wannan domin nan ne mutanenmu ke kwafsawa. Mace ta yi aure, sai dangin miji su ce "je ki yanki sabo kawai". Kwamfutar hukumar zaɓe tana gwada zanen yatsu da fuska, in ta ga mutum sau biyu sai ta soke sabuwar, ga shi kuma laifi ne a doka. Ta ɗauki katinta da ƙafarta ta je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku a lokacin da rajista ke buɗe, ta ce tana son a dawo da ita rumfar da ke kusa da gidanka. Ba a biyan ko sisi. In kati ya fito ita za ta karɓa, ba a ba wa miji. Kada ku jira sai an fara kiɗan siyasa, ana rufe rajista tun da sauran watanni kafin zaɓe.

Tunda kai manomi ne, ga wani abu da na gani da idona. Na taɓa aikin wucin gadi a rumfa, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a filin firamare, tare da wani ɗan bautar ƙasa da ba ya jin Hausa. Wani dattijo ya ɗora babban yatsa sau huɗu, na'ura ta ƙi. Fartanya ta cinye zanen, yatsan ya yi sumul kamar bayan ƙwarya. Ya goga a riga, ya tofa yawu, a banza. Har ya juya zai tafi yana cewa "an hana mu", na riƙo hannunsa, muka ce ya ɗan ɗaga hula. Aka ɗauki fuskarsa, nan take ta amsa. To in ya faru da kai ko da amarya, ku ce a gwada fuska. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, duk wanda ke kan layi kafin 2:30 sai ya jefa ƙuri'arsa.

Sai dai ka shirya, wataƙila ba jam'iyyarka za ta dangwala wa ba.