Amsa: Yaro ya iya canji a kasuwa, lissafi ya gagare shi a aji

Ɗan'uwa, ka ce ɗanka yana taya ka sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ba ya kuskuren canji, amma a makaranta lissafi ya gagare shi. Kwantar da hankalinka, kansa lafiya ƙalau.

An gwada irin wannan a birnin Recife na Brazil, aka buga sakamakon a 1985. Yara 'yan talla suna yin lissafi da ka wajen ciniki, amma da aka ba su lissafi iri ɗaya su yi a takarda sai suka yi ta kuskure. Abin da yaro ya koya a wuri ɗaya ba ya binsa wani wuri sai an nuna masa inda suka yi kama.

To kai za ka nuna masa. In aikin gida ya ce 1,000 a cire 650, ce masa mai saye ne ya miƙo dubu, ya ɗauki albasar ɗari shida da hamsin. Ya faɗi amsar da baki tukuna, sannan ya rubuta yadda ya yi. Gobe ka sauya da kuɗin motar haya ta danfo daga Ketu zuwa Oshodi, kar ya ɗauka lissafi na albasa ne kaɗai.

Ka kuma duba ko yana gane Turancin tambayar, don sau da yawa nan gizo yake saƙa.