Amsa: Koyon akodiyan na Cajun da kunne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya koyon akodiyan (kayan kiɗa mai maɓallai da ake matsewa a ja) na mutanen Cajun, wata al'umma mai asalin Faransa a Amurka, ba tare da ka iya karanta rubutun kiɗa ba. Ƙwarai kuwa. Can a kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, da kunne aka gaji wannan kiɗa, yaro na zaune kusa da manya yana saurare har hannunsa ya kama.

Kayan kiɗan ma ya sauƙaƙa maka. Maɓallai 10 ne kacal a hannun dama, biyu a hagu. Kowane maɓalli sauti biyu gare shi: ɗaya in ka matse, wani dabam in ka ja. In naka an daidaita shi a kan sautin C ne, matsewa za ta ba ka sautukan da ake kira C, E da G, ja kuma D, F, A da B. Wahalar tana wajen iska, domin kamar zugazugin maƙeri yake, dole ka san lokacin sakin iskar da babban yatsan hagu ba tare da kiɗan ya yanke ba. Nan masu koyo suka fi tuntuɓe, don haka ka ba shi lokaci sosai.

Ka zaɓi waƙa ɗaya mai bugu uku, ita ta fi tafiya a hankali. Saurare ta har ka iya rera ta da baki kafin ka taɓa maɓalli. Ni dai na fi son a fara da faifan Iry LeJeune, sai Amédé Ardoin daga baya, dukansu shahararrun makaɗan akodiyan ne na Luwiziyana. Rage saurin a YouTube, ka ɗauki gaɓa-gaɓa. Maɓallan hannun hagu kuwa, bari sai hannun dama ya zauna tukuna.