Kan tambayarka ta dalma da kulocin dawunriga

Na ga saƙonka tun jiya da daddare, da farko nace ba zan amsa ba don abu ne da ya kamata ka gane da idonka tunda kana tsaye a bayan jirgin nan namu na kai mutane kamun kifi a tafkin Ontario tun farkon bazara. Kace wai kanta, wato maƙirgin da ke jikin dawunriga, injin da ke sauke dalma ƙasa da waya, ta nuna waya ƙafa 110 a waje, sona mai auna zurfi kuma ta nuna zurfin ruwa 110, amma dalma ba ta taɓa ƙasa ba, sannan me ya sa na hana ka ɗaure kuloci, wato birkin da ke riƙe wayar injin, tam alhali yana ta zamewa yana ƙara idan an sa dalma mai nauyi. Tambayar farko ta yara ce. Ta biyun ita ta hana ni barci, don ta tuno min wani mutum da har gobe ban yafe masa ba.

Ta farkon dai a taƙaice. Kanta ba zurfi take ƙirgawa ba, tsawon wayar da ta fita take ƙirgawa. Jirgi na tafiya ruwa na tura waya da dalma baya, wayar ba a tsaye take ba a karkace take, ai kana ganinta da idonka in ka ɗago kai daga salularka. Da dalma mai fam 12, gudu mil 2 a awa, ka saki waya ƙafa 120 to da kyar ta wuce 100 da ɗan wani abu, in akwai igiyar ruwa a ƙasa mai gaba da kai ma ba zata kai haka ba. Ka ƙara gudu ta tashi, ka rage gudu ta nutse. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau, ka rage gudu TA NUTSE, zamu dawo kansa. Kuma daga Yuli zuwa Agusta in ƙananan ƙwarin ruwan nan masu ƙaya suka taru a waya kamar jiƙaƙƙiyar auduga, jan ya ƙaru, dalma ta ƙara tashi sama, shi ya sa nake sa ka goge waya duk ɗagowa kana ɓata rai.

Yadda ake maƙala zaren sanda a kilif, wato maƙalin da ke riƙe shi wajen dalma, da yadda ake lanƙwasa sanda ba zan rubuta ba, wanda bai iya wannan ba ya koma wanke jirgi.

Shi leka da muke nema, wato tirawut ɗin tafki, kifin sanyi ne. Ruwa mai digiri 48 zuwa 52 a ma'aunin Fahrenheit yake so, wajen 10 a Selsiyos kenan, kuma da zafi ya shigo saman tafkin Ontario ya ɗumama sai ya gangara ƙasa ya kwanta a gindi yana tsintar gobi, wani ɗan ƙaramin kifi mai zama a ƙasa. Gobin nan ma baƙo ne, a 1990 aka fara ganinsa a kogin St. Clair, jiragen dakon kaya suka kwaso shi a ruwan cikinsu, yanzu ka tsaga cikin leka sau da yawa shi zaka tarar. To kifin da hancinsa ke ƙasa ba zaka same shi da cokali, wato ƙarfen yaudara mai ƙugiya, yana yawo ƙafa 20 samansa ba. Dole dalma ta riƙa shafar ƙasa tana tayar da ƙura, kawbel, wato jerin faifan ƙarfe masu walƙiya, na bin ta a baya ƙafa 10 zuwa 15 da Spin-N-Glo, ɗan abin yaudara mai juyawa da ƙugiya, a wutsiya, gudu mil 1.5 zuwa 1.8 a awa, a hankali, ba irin gudun da muke wa salmon ba. Kaga kenan sana'ar gaba ɗaya wasa ce da ƙasan tafki. Wanda ke wasa da ƙasa kuwa wata rana ƙasa zata riƙe shi, ba makawa, abin da ya rage shi ne me zai bari ya tafi ranar. Kulocin da kake ƙorafi a kai shi ne amsar. Yana zamewa ne don in dalma ta maƙale waya ta ci gaba da fita, ka samu daƙiƙu kaɗan ka tsayar da jirgi ko ka juya ko ka sa filaya ka yanke. Wayar nan fam 150 take ɗauka kafin ta tsinke, bakin jirgi kuwa faiba ne da sukurori huɗu, kai ka yi lissafin wanda zai riga wani sallamawa.

Yanzu saurari labarin mutumin. Wani ɗan'uwa ne ya haɗa mu, yace abokin kasuwancinsa ne a yi masa ragi, na rage masa har da ƙarin awa ɗaya kyauta. Ya zo shi da surukansa biyu a watan Agusta, tsakiyar kakarmu, rigar kamun kifi sabuwa fil har da layin ninki, tabarau mai tsada, tun a bakin gaɓa ya fara ba ni labarin wai shi a tekun Florida yake kamu, wannan tafki ai kududdufi ne. Kududdufin da zurfinsa ya kai ƙafa 802. Na yi shiru, kwastoma ne. Ni da na tashi a Yawuri cikin Sarkawa, tun ban kai in riƙe filafili ba ake saka ni a gaban kwalekwale, wai yau ni ake wa lacca kan ruwa.

Muka nufi Niagara Bar. Ka san wurin, inda kogin Niagara ke zubar da yashi da tsakuwa a bakinsa, ƙasa ta taso daga ƙafa 200 da wani abu zuwa 60 ko 70 cikin ɗan taƙi kaɗan. Leka na son gefen gangaren nan, mu kuma muna bin gefen kamar mai tafiya a kan katanga, ido kan sona, hannu kan sitiyari. Na saita dawunriga biyu da kaina, na hagu shi ke ɗauke da Fish Hawk ɗina, wato firob mai gaya min sanyi da gudu a wajen dalma, na ce musu da bakina a gaban kowa, sanda in ta tashi ku ɗauka, injin nan kuwa kar wanda ya taɓa. Yaron da ke min aiki lokacin sa'anka ne, shi ma irinku ne, aikinsa kawai ya tsaya tsakanin injinan nan biyu ya sa ido.

Can sandar dama ta miƙe, ƙaramin surukin ya ɗauka, kifi babba ne don yana ta buga kai ƙasa ya ƙi tasowa. Da ya kusa na rage wuta don kar ƙugiya ta yage bakinsa, na bar sitiyari a otofailot yana tuƙa kansa na ɗauki homa na koma kusurwar dama. Ashe duk wannan lokacin ogan Florida ya hango wasu manyan baka-baka, alamar kifi kenan, kwance a ƙasa a fuskar sona, ransa ya biya, ya lallaɓa ya danna maɓalli ya ƙara sakin waya wajen ƙafa 30, da yaji kuloci na ɗan zamewa yana ƙar-ƙar sai ya kama marfin da hannu biyu ya murɗe shi iya ƙarfinsa, wai a ganinsa ya gyara min abin da ya lalace. Karambanin akuya gai da kura. Yaron nawa fa? Yana tsaye taku biyu daga wurin ya juya baya yana ɗaukar bidiyon kifin da ake ja, don ya sa a Instagram.

To haɗa lissafin da kanka. Waya ta ƙaru 30, ni na rage gudu dalma ta nutse, iska kuma na ɗan tura mu zuwa kan gangare inda ƙasa ke tasowa. Kifi na shiga homa naji jirgin ya yi wani irin tsayawa, gindinsa na hagu ya duƙa, wayar ta fara kuka siririn kuka mai shiga haƙori. Na juya naga hannun dawunriga ya lanƙwashe ya nufi ruwa, na yi ihu a yanke, yaron na laluben filaya bai san inda ya ajiye ta ba, kan ka ce kwabo naji ƙarar da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Gindin injin ya tumɓuke da faiba ɗin bakin jirgi, faɗin tafin hannu biyu, wayar batir ta fizge ta yi tartsatsi, inji da sandar da ke jikinsa da kwarkwaronta da Fish Hawk da dalma duk suka yi ƙasa a gaban idona. Na tsaya ina kallon sukurori biyu da suka rage a tsaye da ɓarɓashin faiba fari a kan takalmina. Da a ce akwai igiyar ruwa babba ranar ta biyo ta wannan kusurwar da ta duƙa, da ba maganar inji muke ba yanzu.

Kasan me mutumin ya ce? Wai kayana sun tsufa. Ko a jikinsa. Surukinsa babba ne ma, dattijo, ya ja ni gefe yace shi ya ga lokacin da ya murɗa, a yi haƙuri. Na haɗiye, na ƙarasa musu awanninsu da inji ɗaya, muka ƙara kama uku, na dawo gaɓa na fere musu kifin da hannuna na sa a leda da ƙanƙara, ya tsaya ya ɗau hoto da babban yana washe baki, wanda ba ma shi ya ja ba. Nace maganar ɓarna fa? Yace zai kira ni. Bayan sati biyu takardar banki ce ta kira ni, wai mai kati ya ce ba a yi masa aikin da ya biya ba, sun janye kuɗin fitar gaba ɗaya daga asusuna. Sannan ya shiga intanet ya ba ni tauraro ɗaya, wai jirgina ba shi da aminci kaya na ɓallewa da kansu. Hoton kifin kuma yana nan a Facebook ɗinsa mutane na ta yi masa barka.

Hoton nan na tura wa banki, sai bayan wata uku suka maido kuɗin fita, kuɗin kaya kuwa suka ce ba ruwansu. Inshora na lissafa abin da zan fara biya daga aljihuna da ƙarin da zasu yi min shekara mai zuwa naga gara in haƙura. Inji da firob da sanda da gyaran faiba sun haura dala dubu uku, wannan ma ba shi ya fi ciwo ba, jirgi ya kwana a kan tirela wajen mai gyara a tsakiyar Agusta, ina kiran mutanen da suka kama gurbi tun hunturu ina ba su haƙuri suna komawa wajen wasu, wasunsu har yau ba su dawo ba. Ɗan'uwan da ya haɗa mu yace in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma Allah ya isa ɗin da na yi ban janye ba. Yaron kuma ranar ya ƙare aiki da ni, bidiyon nasa naji ance ya samu masu kallo sosai.

Ku yaran yanzu matsalarku kuna son na'ura ta yi muku tunani. Kanta tace 110 shikenan an saukar da aya. Mutanen da na koya a hannunsu da injin hannu suke, su ɗora yatsa kan waya su gaya maka yashi dalma ke shafa ko tsakuwa, su kalli karkatar waya su ce igiyar ƙasa ta juya tun kafin firob ya nuna. Kuma ba ku san darajar kifin ba. Kifin nan fa ya ƙare a tafkin nan a shekarun 1950, tsakanin kamun da ya wuce kima da lamfiri, wani kifi mai tsotse jini, sai da Amurka da Kanada suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955 aka shiga zuba wa ’ya’yan lamfiri magani a rafuka, aka yi ta kiwon leka ana zubawa shekara da shekaru. Duk wanda kaga an yanke masa ɗan ƙaramin fiffiken nan na kusa da wutsiya daga gidan kiwo ya fito, wanda kaga da zagayayyen tabo a gefe lamfiri ya sha. Oktoba da Nuwamba a rufe kamunsa yake don yana ƙwai. Kifi ne mai jinkirin girma, babban da kake ɗagawa don hoto mai yiwuwa bai fi ka ƙuruciya da yawa ba. In za a sake shi a jawo shi sannu ya yi gyatsar iskar cikinsa a hanya, zaka ga kumfa na tasowa kafin shi, a cire ƙugiya yana cikin homa a ruwa.

Saitin kuloci kuwa ga yadda nake so kuma ba shawara nake nema ba. Rataya dalma a ruwa, murɗa har ya riƙe ta muna tafiya ba ta zamewa, sannan ka sa safar hannu ka ja wayar da ƙarfi, in ta fito to daidai ne, in ta ƙi ka sassauta. In yana ƙar-ƙar lokacin da jirgi ya hau igiyar ruwa ya sauka, ƙyale shi, aikinsa yake. Filaya ɗaya a ɗaure da igiya a gindin kowane inji, ba a aljihunka ba, ba a akwati ba. Duk lokacin da kaji na rage wuta ko na fara juyawa kusa da gangare ka ɗaga dalmar da ke cikin kwana ƙafa 10 ba sai na ce ba. Kwastoma ko limamin garinku ne ya miƙa hannu wajen injin ka shiga tsakani, ka bar ni da ba shi haƙuri.

Gobe ƙarfe huɗu da rabi ka kasance a jirgi. Wayar injin dama naga ta yi ƙulli kusa da ƙarshe, yanke ƙafa biyu ka sake ɗaure kan da sabon kirim, wato ƙarfen matse waya, ka mayar da kanta sifili dalma na taɓa saman ruwa, kuma salularka a cikin mota zata kwana har mu dawo.